Kurmin Zongo a Bayan Zem

Jama'a, yau da safe saura ƙiris a kai ni komisariya wajen 'yan sanda, wai na hura wuta a cikin kurmi. Ina durƙushe a ƙofar gidana ina fifita gawayi, kaskon masa na gefe, sai ga wani ma'aikaci da koriyar riga da koriyar hula, har takalminsa kore, kamar an tsamo shi daga miyar kuka. Ya tsaya a kaina ya ce, "Maman, an hana wuta a nan. Kurmi ne."

Na duba gabas, shagon mai walda. Na duba yamma, kwata da tsohuwar taya. Na ce, "Ɗan nan, wane kurmi?"

Ya zaro wani allon gilashi daga jaka ya nuna mini. Unguwarmu ce kuwa a ciki, ga titi, ga masallaci, amma kore shar, ko rufin kwano ɗaya ba a gani. Ya ce inda nake durƙushen nan itatuwa ne kewaye da ni, ɗaya ma ta tsakiyar kaskona ya fito. Na zuba masa masa mai zafi da yaji, ya ci, ya lashe yatsu, ya sake duba allon, sai ya gano cewa in na matsa kamu ɗaya hagu akwai ɗan fili tsakanin itatuwa. Na matsa. Allah ya yi masa albarka, mutum mai sanin aikinsa.

Ku na Akpakpa da Ladji da sauran unguwannin Kwatano kuna ta tare ni a gidan biki, wai yaya aka yi Zongo ta zama kurmi ba ku ji ba. To ku gyara zama. Ni ba na gulma. Abin da ya faru a gaban kaskona kaɗai nake faɗa, shagon Muhuyi kuwa a gaban kaskona yake.

Muhuyi mai buga littafi ne. Injinsa ya girme shi, in ya tashe shi har 'yan haƙoran da suka rage mini sai sun yi rawa. Shi ke buga mana katin biki, da kalanda, da 'yan littattafan soyayyar nan da matan aure ke saya suna cewa na ƙannensu ne. Mutum ne mai sanyi, in kaza ta shiga shagonsa sai ya jira ta gama uzurinta ta fita don kanta. Bana kuma ya ɗauko aikin da ya fi kowanne nauyi a zuciyarsa, littafin Baba Jibrilu.

Baba Jibrilu tsohon falken shanu ne, cikin waɗanda suka koro garke da ƙafa daga arewa har bakin teku, tun tireloli ba su karɓe hanya ba. Ya zauna a benci ya faɗa wa Muhuyi komai, Muhuyi na rubutawa. Sunan kowace rijiya, zangon da ake tarbar baƙo da fura, garin da ake kwana da ido ɗaya, da waɗanda suka rasu a hanya aka binne su ba alama. Yanzu tsohon ya kwanta, ƙafa ta ƙi, ido ya yi hazo. Buƙatarsa ɗaya ce, ya riƙe littafin nan a hannunsa kafin a kira shi. Muhuyi ya yi masa alkawari, a gaban mutane kuwa.

Ana haka sai wani Mai Girma, Uban Ganyaye, Garkuwan Inuwa, Allah ya ja zamaninsa, ya je taro ƙasar waje ya dawo da labarin cewa ashe takarda da itace ake yin ta. Mu dai mun daɗe da sani, amma sani ba ya cika sani sai babba ya hau jirgi ya ɗauko shi. Aka kafa kwamiti, mu Kwamitin Ganye muke ce masa. Kwamiti ya sa aka kulle takardar masu buga littafi a sito, can tashar jirgin ruwa, ya ce hanya biyu ce. Ko ka mayar da littafinka cikin waya, ko ka nuna itacen da ka dasa, a ba ka sertifika ka je ka karɓi takardarka.

Kada a ce tsohuwa ta ƙi ci gaba. Jikata Malika a waya take karatunta, ita ta koya mini aika murya, abin da ya sauƙaƙa mini zumunci ƙwarai da gaske. Itace kuwa wa zai ƙi shi, a garin da rana ke iya soya ƙwai a kan rufi, ruwa kuma ke shiga ɗakunan mutanen Ladji ba sallama? Maganar tasu gaskiya ce. Sai dai gaskiya in ta bi ta biro, wato ofishin hukuma, takan fito uwarta ma ba ta gane ta ba.

Muhuyi ya fara gwada ta waya. Aka kira masu buga littafi taron koyarwa a wani otal na bakin teku, aka ba su hula da jaka da shinkafa da kaza, aka zuba musu manhajar kwamiti. Ya dawo ya tara mu zai nuna mana littafin zamani. Da ka taɓa manhajar, hoton Mai Girma ne ke fara buɗewa, a hankali, daga hula. Muka ga hula, muka ga goshi, muna isowa gashin baki mega, wato datar waya, ta ƙare. Aka sayo wata, abin ya sake farowa daga hula. Muka watse ba wanda ya san ko bawan Allahn nan yana da haɓa.

Duk da haka ya kai wa Baba Jibrilu wayar. Tsohon ya shafa gilashin ya ce, "Muhuyi, ina littafin?"

"Yana ciki, Baba."

"Ni ban taɓa sayen saniya daga bayan katanga ba. Abin da ban dafa ba, ban ji nauyinsa ba, ba nawa ba ne. Mayar musu da kayansu."

Saura hanyar itace. Ranar rabon dashe aka kafa rumfa, aka kawo makaɗa, aka jera masu buga littafi na Kwatano kaf. Motar dashe aka ce tana hanya, har yau tana hanya, Allah ya kawo ta lafiya. Abin da ya iso ɗan mangwaro ne guda, a tukunyar roba, tsawonsa bai wuce gwiwata ba, da wani ɗan ƙarfe maƙale a reshensa kamar ɗan kunne. Wannan ɗan kunnen shi ke gaya wa na'urar biro inda itacen yake. Kowa ya zo ya riƙe tukunyar, a ɗauke shi foto da Mai Girma, ya miƙa wa na baya. Muhuyi, da yake bai iya turereniya ba, shi ne na ƙarshe. Ya juya zai miƙa, ba kowa, manya sun tafi cin abinci. Ya rungumo abinsa ya dawo gida. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Sai aka aiko mai zagayen dubawa, Madam Sabrina, mace mai fara'a da dogon takalmi. Akwai wani tsohon durumi kusa da masallacinmu, wanda kakanni suka ɗaure shanu a jikinsa. Masu buga littafin unguwa suka kai ta wurin suka ce ga itace. Ta zauna a inuwarsa, ta sha ruwan sanyi, ta cire takalmi ta miƙe ƙafa, sannan ta ce a gaskiya wannan ba itace ba ne, tunda ba shi da ɗan kunne, na'ura ba ta san shi ba. Ta ce ko wanda ka sayo ka dasa da hannunka, in ba ɗan kunne, ciyawa ce. Kenan na Muhuyi kaɗai ne itace a duk faɗin garin. Shi ma ta ce kada ya yi saurin murna, sertifika sai ta gama zagaya kowa za a raba.

Washegari ga Kamilu daga Akpakpa, shi ma mai buga littafi. Ya yi sallama, ya tambayi iyali, ya tambayi inji, ya tambayi gajiya, ya sake tambayar iyali, yana ta satar kallon tukunya. Can ya ce, "Yaya, madam gobe wajena za ta. A ara mini mangwaro."

Muhuyi ya so ya ƙi, na gani a maƙogwaronsa. Ya san kayan hukuma ba abin wasa ba ne, ga alkawarin tsoho a wuyansa. Amma kun san Zongo. Mu baƙi ne a garin nan tun kakanni, ba gona ba rumbu, aro ne ya riƙe mu. Tukunyar biki ɗaya ke aurar da unguwa, tabarmin zaman makoki ma an manta mai su. Wanda ya hana aro, ranar da aka yi masa haihuwa sai ya dafa shinkafar suna a buta. Muhuyi ya leƙo ya dube ni. Na ce, "Kada ka dube ni, ɗan nan. Da tukunyata aka yi sunanka."

Aka kira Moctar mai zem, ɗan acaɓan unguwarmu, ya ɗaure tukunya a bayan babur da roba, suka haye gada.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Kullum Moctar na gaba da mangwaro, Madam Sabrina na baya a mota. Ta iso ta tarar da itace a ƙofar shago an yayyafa masa ruwa, ta ɗauki foto, ta yaba. Ko ta gane shi? Mace ce mai ido, ran nan da kunnena na ji ta sunkuya ta ce masa, "Ka rame." Amma ganin itace aka aiko ta, ba gane shi ba.

Da yake kuma ba a mayar da kwanon aro wayam, duk dawowar da mangwaro zai yi da tukwicinsa. Wani ya sa goro a gindinsa, wani sabulu, matar wani ta ɗaura masa ƙyalle ta fesa masa turare. Dillalan shanu suka aiko da buhun taki saboda darajar Baba Jibrilu. Wani mai kaki ya tare Moctar a gada ya ce ina hular kwanon fasinja, tun daga ranar mangwaro da hularsa yake fita. Mata suka sa masa suna Ɗan Gata. Ni da na haifa na aurar a garin nan ban zaga Kwatano kamarsa ba.

Abin da ba wanda ya gaya mana shi ne halin na'urar. Ita duk inda ɗan kunne ya tsaya ya ɗan huta, sai ta rubuta an dasa sabon itace. Moctar kuwa mutum ne mai tsaye-tsaye. Ya tsaya wajen mai man kwalba, itace. Ya tsaya a danja, itace. Cunkoson kasuwar Dantokpa, inda babur ke taku ɗaya ya huta, nan na'ura ta shuka abin da damina goma ba ta shuka ba. Ranar da ruwa ya ci hanyar Ladji aka sa Ɗan Gata a kwalekwale, sai ga layin mangwaro a tsakiyar tafki. Akwai kuma wani gida a bayan gidan mai, na wata bazawara da ba zan faɗi sunanta ba, inda na'ura ta nuna duhun itatuwa har rana ba ta ratsawa. Na tambayi Moctar, ya ce taya ce ke yawan sacewa a daidai nan. Na ce Allah ya sawwaƙe wa tayar. Zongo kuwa, da yake sai ya tsaya gaisuwa a kowace ƙofa, ita ta fi ko'ina yin kore.

Rahoto ya hau sama. Mai Girma ya sake hawa jirgi, aka tafa masa, aka rataya masa lambar yabo, wai tun da aka shimfiɗa ƙasa ba a ga kurmin da ya tashi da sauri haka ba. Ya dawo ya ce zai zo da kansa ya sha inuwa, ranar kuma zai raba sertifika.

Muhuyi ya daina cin abinci. Ya zo ya zauna a bencina, na miƙa masa masa ya riƙe har ta huce. Ya ce, "Inna Safina, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Mutumin nan zai zo ya tarar da kwata da taya. A rufe shago, takarda ta tafi. Baba kuma jiki sai ƙara sanyi yake. Ya ce in gaya masa tsakani da Allah, littafin nan zai riske shi?"

"Me ka ce masa?"

"Na ce in Allah ya yarda."

"To bar shi a nan. Manya kuma kai ba ka san su ba. Ni tun ina goyo nake ganinsu, ban taɓa ganin wanda ya zo ganin abu ya gan shi ba."

Ranar ta zo. Aka share titi, aka kori awaki, aka hana ni suya. Motoci suka cika layi, kowace injinta a kunne saboda sanyin ciki, hayaƙi har ya kakkaɓe wa Ɗan Gata rabin 'yan ganyen da iskar gada ta bar masa. Mai Girma ya fito, babban mutum tubarkalla, ashe yana da haɓa, har biyu. Aka miƙa masa allon gilashi. Tun da ya karɓa bai ɗaga kai ba.

Ya fara tafiya yana kallon allo. Can ya kauce dama, saboda akwai itace a gabansa. Duk 'yan rakiya suka kauce dama. Ya sunkuya ya wuce ƙarƙashin reshe, suka sunkuya, wani mai tumbi hularsa ta faɗi ya ce reshe ne ya ture ta. Rana kuwa na dukan kowa kamar an aiko ta. Gumi na gangarowa a wuyan Mai Girma, ya ce, "Kun ji sanyi?" Suka ce sun ji, wani har ya rungume hannu yana karkarwa. Da Mai Girma ya iso kaina ya ce, da Hausarsa ta sayen ragon layya, "Maman, fita daga cikin itace." Na fita, na ba itacen haƙuri.

Muhuyi na tsaye a ƙofar shago da tukunya a hannu. Na ga leɓensa na motsi, na yi masa ido, bai kula ba. Mutumin da ko muryarsa ba a sani ba a unguwa, ranar ya buɗe baki a gaban hukuma.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Babu kurmi. Wannan ne kaɗai, shi muke ta ara wa juna. Ni dai takardata nake roƙo, akwai tsoho kwance yana jira."

Har mai walda sai da ya kashe injinsa. Madam Sabrina ta shiga neman wani abu a cikin jakarta. Mai Girma ya ɗaga kai karo na farko, ya dubi Ɗan Gata da hular kwanonsa da ƙyallensa, ya dubi allo, sannan ya dubi Muhuyi cikin tausayi.

"Malam, na'urar nan daga ƙasar waje aka kawo ta. Idonka daga ina aka kawo shi?"

"Na nan ne, ranka ya daɗe."

"To ka gani."

Aka yi tafi. Ya ce irin wannan tawali'u ke gina ƙasa, mutum ya dasa kurmi ya ce bai dasa ba. Ya miƙa masa sertifika mai ruwan zinariya a gefe. Muhuyi ya karɓa, ni har na kama hanci zan rangaɗa guɗa. Sai Mai Girma ya gyara murya ya ce akwai albishir. Tunda Allah ya ba Zongo kurmi nata na kanta, abin kunya ne a ci gaba da shigo da takarda daga waje. Wadda ke sito za a mayar da ita inda ta fito. Daga yau masu buga littafi su sari itacensu su yi takardarsu, a hankali, ban da ɓarna. Aka kawo zarto sabo fil da jan ƙyalle a wuyansa, aka danƙa wa Muhuyi, aka ɗauki foto. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na saki hancina.

Manya suka shiga mota, abinci na jira. Kafin su tashi wata motar kaya ta juye mana kwalaye a ƙofar shago har suka toshe hanya, wai jawabin Mai Girma ne, a raba wa mazauna kurmi kowa ya karanta. Sunan jawabin, in ji Malika, Rayuwa Ba Takarda. Sun buga wanda zai ishe mu, ya ishi jikoki, har birran da ake sa ran za su tare a kurmin nan gaba.

Muhuyi ya zauna a kan kwali, zarto a cinya, sertifika a ƙasa, Ɗan Gata a gefe. Ni kuma kun san mai sana'a, na ce bari in ga ko za ta yi naɗin masa. Na farke kwali na zaro ɗaya. Takarda ce mai kauri da santsi, fara sol, irin wadda ko mai tsiren bakin otal bai taɓa naɗi da ita ba. Na ce, "Wannan ai ba ta shan mai, ba ta da amfani." Na jefa masa a cinya.

Ta faɗi a kife. Bayanta fari fat, ko ɗigo babu. Manya ba sa rubutu a bayan takarda, wannan aikin talaka ne.

Muhuyi ya ɗauka. Ya murza ta tsakanin yatsu, ya ɗaga ta a rana, ya kaɗa ta kusa da kunne. Ya dubi tulin kwalayen tun daga ƙasa har sama. Sannan ya miƙe, ya jingine zarto a bango, ya ce, "Inna, a kira mini Moctar mu shigar da kayan nan kafin hadari ya taso."

Haka littafin Baba Jibrilu ya fito. In ka buɗe, hannun dama rijiyoyi da zanguna da sunayen waɗanda suka kwanta a hanya, hannun hagu Mai Girma na bayani da Faransanci a kan illar takarda. Muka kai masa, ni da Muhuyi. Aka tashe shi zaune aka jingina shi da filo. Ya karɓa da hannu biyu, ya ɗaga ya ji nauyi, ya shafa bayan, ya matsa gefe da babban yatsa, ya kai hanci ya shaƙa.

"Yana da nama," ya ce. "Karanta mini rijiyar farko."

Muhuyi ya karanta, tsohon na gyaɗa kai yana motsa baki tare da shi. Da aka juya shafi ya kai ido kusa, ya sa yatsa a hagu ya ce, "Wannan baƙin-baƙin fa? Ni ban yi surutu da yawa haka ba."

"Jawabin Mai Girma ne, Baba. A bayansa muka buga."

Tsohon ya rungume littafin a ƙirji. "Bar shi. Duk tsawon hanyar nan ban taɓa koro saniyar da ba kaska a jikinta ba."

Yanzu labari ya bazu, masu buga littafi na ƙetaren gada sun yi layi, kwalaye sun kusa ƙarewa, ga wani malami da ƙaton littafin magunguna yana jira. Don haka in kun ji an idar da salla a Zongo ana roƙa wa Mai Girma tsawon rai da yawan magana, kada ku ce mun koyi fadanci. Allah dai ya sa jawabi na gaba ya fi wannan tsawo, kada kuma wani ɗan hassada ya je ya koya musu bugawa gaba da baya.